Ranar Da 'Yan Aji Uku Suka Tauna Yumɓu

Bari in fara da waɗanda ke wurin, don kada wani ya zo gobe ya ce ƙari na yi. Akwai ni. Akwai jikata, ɗiyar ɗana na biyu, wadda ke hannuna tun da aka yaye ta. Akwai malamar aji uku, yarinya siririya da aka turo mana daga Birnin Kebbi a farkon shekarar. Akwai hedimasta, wanda ya ce leƙowa kawai zai yi, amma bai koma ofis ba sai da aka kira azahar. Akwai ɗiyar mai shagon robobi na bakin tasha, ita kam ku riƙe ta a rai, da sauran 'yan ajin gaba ɗaya, maza da mata, har da waɗanda ke takowa kullum daga ƙauyukan da ke dab da iyakar Benin. Sai akuyar mai gadi, wadda ba wanda ya gayyace ta. Ranar Laraba ce cikin bazara, mangwaro ya fara nuna, ruwan Kwara ya ja baya ya bar fadama a buɗe.

Amma kafin in kai ku ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta makaranta, sai kun san gidan da na fito, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba.

Gidanmu gidan magina ne. Kakata ta wajen uba ce ta raine ni, doguwar mace, mai yin ciniki da Hausa, faɗa kuma da Dandanci. Randunanta har a jirgin ruwa ake ɗaukarsu. Ranar kasuwar Illo matan ƙetare kan zo su ƙwanƙwasa su da bayan yatsa, su kanga kunne, su ɗauka ba tare da dogon zance ba. Abin da na fara sani na duniya shi ne ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu a ƙarƙashin tsohon buhu, da sanyinsa a tafin ƙafa in ana taka shi da safe. Na biyu kuwa ƙarar dakan tsingaro.

Tsingaro, in ba ku sani ba, guntayen tsohuwar tukunya ne wadda ta riga ta sha wuta. A daka shi, a tankaɗe, a cuɗa shi cikin yumɓu kafin a yi gini. Yumɓu zalla laushi gare shi kamar man shanu, yana bin hannu duk inda ka kai shi, amma da ya fara bushewa sai ya tsuke ya yage kansa. Garin tsingaro ne ke riƙe shi. Ni ba wanda ya gaya mini haka. Rani biyu na yi ina dakan abin nan a gindin rumbu, ina ɗauka horo ne ake yi mini don na cika rawar kai.

Wata rana, ban fi shekara tara ba, na saci jiki na ɗaga buhun na yago yumɓu, na zagaya bayan rumbu na gina ɗan kasko. Kakata na zaune tana yankan kuɓewa, ta gan ni sarai, ko tari ba ta yi ba. Kwana uku kaskona ya dare biyu. Na kwaso na zo ina kuka. Ta tsinko yumɓu kaɗan daga ƙarƙashin buhu, ta tsinko wani daga curin da take aiki da shi, ta ce in sa a baki. Na farko ya narke sumul. Na biyu ya yi mini ƙas-ƙas a haƙori.

Ta ce, "Wanne kika ɗauka?"

Na nuna mata.

Ta ce, "To." Ta koma kan kuɓewarta.

Karatuna ke nan gaba ɗaya, kuma ban taɓa mantawa ba. Boko ban yi ba. A zamaninmu 'yan maza ƙalilan ake kaiwa, mu kuma hannunmu cike yake, ban zauna ina baƙin cikin abin ba. Sai dai da ɗana zai koma Dole Kaina wajen fataucinsa, abu ɗaya ya roƙe ni: kada yarinyar nan ta yi fashin makaranta ko na yini guda. Na ce masa ya tafi, na ɗauka. Ni kuwa in na ce na ɗauka, to na ɗauka.

Jikar tawa ba ta ba ni wahala ba. Tun da malamar nan ta karɓi ajinsu, yarinya ta zama rediyo. Yau sun shuka wake a gwangwanin madara sun jera a taga. Gobe an kulle ɗaya a cikin kabad, ya fito fari dogo kamar marar lafiya. Jibi an tura su tsinto ganyaye, ta zo ta tsare ni sai na faɗa mata sunan kowanne da Hausa da Dandanci, wai za a manna a kwali. Marafan kwalba duk ta tsince na unguwa, wai da su suke lissafi. Nakan ce mata wasa dai kuke zuwa yi, ku da malamar taku. Ina faɗa ina kallonta, don na lura ta fara tsayawa ta duba abu kafin ta taka shi.

Sai wata Alhamis ta dawo da labarin cewa gobe Juma'a akwai aikin hannu, kowa ya zo da yumɓu. Ba ta tambaye ni ba, ta san halina da kayan aikina. Da la'asar ina zaune ina tsince shinkafa, na ga ta raɓa ta bayan ɗaki, ta ɗaga buhu, ta yago curi guda ta ƙunshe a leda. Wanda na jiƙa ne shekaranjiya, ban riga na sa masa tsingaro ba. Na cuɗaɗɗen yana gefe cikin kwatarniya, taku biyu kawai. Bakina ya buɗe zai yi magana, na rufe shi. Na ce a raina, haka aka koya mini, haka za ta koya. Na ci gaba da tsintar shinkafata har ina jin daɗin kaina.

Ranar Juma'a ta dawo ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Wai sauran yara shanu da motoci da kujeru suka mulmula, ita kuwa 'yar randa ta gina, da wuya da baki da komai, har ta yi mata zane da totuwar masara yadda take ganin ina yi. Malama ta ɗaga ta sama ta nuna wa aji, aka tafa mata, aka ce jini ba ya ɓuya. Aka ajiye randar a gaban taga, inda rana ta fi bugawa, don kowa ya gani. Da na ji zancen taga da rana, na san abin da zai biyo baya. Duk da haka ban ce komai ba.

Ranar Litinin ko tara ba a tashi ba na gan ta a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta shiga ɗaki ta tuɓe kayan makaranta, ta linke su tsaf, ta kawo ta ajiye a gabana. Da ƙyar na tatso labarin. Randar ta dare gida uku. Shanun mutane da motocinsu duk suna nan lafiya, sai tata, ta jikar magina. Yara suka yi ta dariya, ɗiyar mai shagon robobi ta ce kada ta damu, za ta roƙa mata bokiti a wajen babanta, shi ba ya fashewa. Waɗansu suka mayar da maganar waƙa, suna tafi suna binta har bakin ƙofa.

Ta ce ita da makaranta har abada. Na daka mata tsawa, ta tsaya ta saurara har na gama, ta sake faɗa a hankali. A nan na san jinina ne, don ni ma in na yi magana a hankali ba a juya ni.

Ranar Talata ba ta je ba. Na yini ina ginin tulu ina rushewa. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: ni kaskona a bayan rumbu ya fashe, ba wanda ya gani sai kakata da kaji. Ita kuwa a gaban aji guda, bayan an tafa mata. Dabarar kakata ta bayan rumbu ce, ni na ɗauke ta na kai ta inda ba wurinta ba. Ga kuma alkawarin da na yi wa ɗana, yini biyu ke nan yana zuba.

Laraba da safe na haɗa kaya a babban daro: yumɓu zalla, cuɗaɗɗe, tsingaro, dutsen niƙa ƙarami, toka, da rariya. Na aza a kai, na kama jikata a wuyan hannu, da kayan gida a jikinta. Na ce ba karatu za ki ba, rakiya za ki yi mini. A hanya na shirya wa malamar faɗa mai kyau. Wa ya gaya mata ana shanya ɗanyen gini a ranar bazara? Na jera maganganuna ɗaya bayan ɗaya, har da inda zan ɗaga murya.

Ban taɓa shiga aji ba sai ranar. Na yi zaton allo ne da bulala. Sai na tarar da wake ya yi ganye a tagogi, kwalaye a bango cike da ganyayen da na faɗi sunansu da bakina, gashin tsuntsaye an jera daga babba zuwa ƙarami, da zanen kifayen Kwara, wani ma da ka gani ka san ɗan masunta ne ya zana, don ya sa wa tarwaɗa gemunta daidai. A kwalba ɗaya 'ya'yan kwaɗi ne masu wutsiya ke iyo. Yara suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ni da murya guda har na ɗan ja baya.

Malamar ta taso ta durƙusa ta karɓi daron daga kaina. Kafin in buɗe baki ta jawo aljihun tebur ta fito da wani abu a nannaɗe cikin takarda. Guntayen randar ne, ba ta zubar ba.

Ta ce, "Inna, don Allah me ya fasa ta? Littafi ya ce a shanya a rana, na shanya. Na kowa ya tsira, sai wadda ta fi kyau. Tun Litinin nake juya abin."

Faɗan da na shirya ya rasa inda zai sauka. Na dubi guntayen. Ginin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, kaurin bangonta ɗaya ne daga gindi har wuya, abin da ni sai da na kai sha biyu na iya. Na dubi jikata, ta juya wa aji baya tana kallon ƙofa.

Na ce, "Rana ta taimaka. Amma ba ita ta fasa ta ba, kuma ba hannun yarinyar nan ba ne. Ni ce."

Na juya ga yaran. Na gaya musu yadda na ga ta ɗauki yumɓun da ba a gama haɗawa ba, na yi shiru da gangan. Ku da kuka san ni kun san ban saba faɗin na yi kuskure ba, ko ga sa'o'ina, balle ga 'yan yara masu majina. Na faɗa dai, kuma ban mutu ba.

Malamar ba ta tsaya jajanta mini ba, nan na fara ganin girmanta. Ta tafa hannu ta ce kowa ya fito ƙarƙashin dogon yaro, yau Kaka ce malama.

Na zauna a tabarma na yi musu abin da aka yi mini. Kowa na tsinka masa yumɓu biyu na ce ya sa a baki. Kun ga yamutsa fuska. Masu tofarwa na tofarwa, masu dariya na dariya, wani ya haɗiye nasa ya dawo neman ƙari. Hedimasta ya fito jin hayaniya, yara suka ce sai shi ma ya tauna. Ya tattare babbar riga ya tauna, ya ce lallai na biyun akwai magana a cikinsa. Daga nan ya sa aka kawo masa kujera.

Wani ɗan ƙiriniya ya kawo mini motarsa, ya ce shi tasa ba ta fashe ba, ashe ya fi jikata iyawa ke nan. Na ce kawo nan, maigida. Na ɓanɓari tayar motar na ɗan tauna, na ce wannan ƙasar kududdufin bayan masallaci ce, ta gefen da ake wanki, rabinta yashi. Ya buɗe baki ya kasa rufewa, don can ya ɗebo. Na ce yashin ne ya cece ka, ba iyawa ba, motar taka ma taya uku gare ta. Aji ya kwashe da dariya, na saci kallon jikata, na ga kafaɗarta na motsi.

Da aka zo dakan tsingaro kowa ya gwada, guntaye na ta tsalle suna bugun mutane. Na ce ni hannuna ya gaji, a nemo wanda ya iya. Jikata ba ta motsa ba sai da ta ga ɗiyar mai robobi na buga dutsen kamar mai fasa ƙwarar goriba. Abin ya fi ƙarfinta. Ta zo ta ture ta gefe, ta durƙusa, ta nuna mata yadda ake dannewa a murza maimakon a buga. Ban taɓa koya mata ba. Shekara takwas tana kallona, ashe ba ni kaɗai ce mai ido a gidan ba.

Ita ɗiyar mai robobin ba muguwa ba ce, baki ne ya yi mata yawa. Ita ce ma ta tambaye ni ko gaskiya ne ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Na ce je ki tambayi babanki inda yake shan ruwa da rana, don ni na gina randar da ke bayan shagonsa. Malamar ta cafke zancen, ta tambaye su me ya sa. Na ce ai randa gumi take yi. Ta ce haka ne, kuma gumin nan in iska ta busar da shi, da zafin ruwan yake tafiya, kamar yadda mutum ke jin sanyi in ya fito wanka. Shekara nawa ina gina randa, ban taɓa haɗa abin nan biyu ba. Ban nuna mata ba, na dai ce to, ba laifi.

Randar da ta fashe kuwa, tun da ba ta sha wuta ba, ba ta mutu ba. Na sa aka farfasa guntayen aka jiƙa, na ce gobe za su koma yumɓu, a sa musu tsingaro a sake gini. Malamar ta sa aka gina 'yan kasake huɗu: biyu da tsingaro, biyu babu. Ta ce ɗaya daga kowane iri a rana, ɗaya a inuwa cikin aji an rufa da tsumma, a ga wanda zai tsira. Ta zana gida huɗu a allo. Na zauna ina kallon ikon Allah. Abin da kakata ta ɗauki rani biyu da hawayena kafin ta sanar da ni, yarinyar nan ta jera shi a kasko huɗu, ba wanda ya yi kuka. Ana cikin haka akuyar mai gadi ta leƙa taga ta cinye waken mutum biyu, aka bi ta da gudu, hedimasta na ba da umarni daga kan kujera.

Da aka natsu malamar ta ce ana son mutum ɗaya da zai riƙa duba kasaken kowace safiya yana gaya wa aji abin da ya gani, kuma sai wanda ya san yumɓu. Yara suka kira sunan jikata. Na gane tarkon, na kuma yaba wa mai ɗana shi. Ita dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, tana ta kankare yumɓu daga farcenta.

A hanyar gida, da muka yi nisa, jikata ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Kaka, ashe kin gan ni."

Na ce, "Akwai abin da ba na gani a gidan nan?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Haka aka yi mini."

Ta yi taku kamar goma, ta ce, "To ba kyau."

Da ni na faɗa wa kakata haka, da har yau ina jin zafin kunnena. Na ce mata ta matsa gefe, ga babur nan tafe.

Yanzu ba a sayen randa kamar da. Matan ƙetare sun koma roba da firji, a unguwarmu mu biyu muka rage masu gini, ɗayar ma idonta ya fara rauni. Na daɗe ina ɗauka sana'ar nan a hannuna za ta ƙare, kuma na ɗora wa makaranta laifin. Ranar nan na ga hannaye sun fi sittin cikin yumɓu a lokaci guda, abin da ko a gidan kakata ban taɓa gani ba. Ba na cewa za su zama magina. Amma duk cikinsu ba wanda zai sake ganin tsohuwa na dakan tsingaro ya ɗauka ba ta da aikin yi.

Da yamma ba ta yi zancen gobe ba, ni ma ban yi ba. Na san in na sake kama ta a wuyan hannu za ta bi ni, amma zuwa da ƙafarta daban ne.

Washegari na dama mata koko, na rataye kayan makarantar a igiya inda ba za ta ce ba ta gani ba, na ɗauki daro na fita tun tana wanke fuska. Ruga na nufa wajen Fulani neman busasshen kashin shanu, wanda muke gasa tukwane da shi, don hedimasta ya roƙa a gasa wa yaran abubuwansu in sun bushe. Gashin sai bayan sati biyu, amma na ce gara in fara tarawa. Matar ardo ta tambaye ni ko kasuwar Illo ce ta yi mini babban kira, na ce a'a, aikin makaranta ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Hanyar ruga ba ta bi ta makaranta ba, ni ce na bi da ita. Na tsaya a bayan ajin, jikin bango, da daron kashin shanu a kaina, rana ta fara zafi. Malamar na kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa. Na jikata yana can wajen ƙarshe, wuyana har ya fara sagewa. Aka kira. Ta amsa, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, kuma kafin a kira na gaba na ji ta ce, "Malama, na rana marar tsingaro ya fara tsagewa."

Na gyara daron a kaina na kama hanyar gida, don na bar yumɓu a jiƙe.